Asirin tsaro ba bargon ɓarayi ba ne

Tun daga 2019, dubban mutanen Sakkwato, Zamfara da Katsina suka tsallako gundumar Gidan Rumji don gudun ƴan bindiga, aka tsugunar da wasunsu a Cadakori. Talakan wannan yanki, wanda ya sha satar shanu da biyan kuɗin fansa, bai taɓa neman a gaya masa ranar da soji za su fita sintiri ba. Ya san in maganar ta fita, ɓarawo ne zai fara jin ta.

Dalili ke nan hukumomi ke tantance ma'aikaci kafin su buɗe masa takardun asiri: a binciki halinsa, bashinsa da abokan hulɗarsa, sannan a ba shi izini. Amma izini kaɗai bai isa ba, sai in aikinsa na buƙatar sanin abin da takardar ta ƙunsa. Amurka ta ji jiki kan sakaci da wannan sharaɗi na biyu a 2023, lokacin da ƙaramin soja Jack Teixeira ya watsa takardun yaƙin Yukren a intanet.

A Nijar kuwa, ciwon a wani gefe yake. Binciken da sufetocin soji suka kammala a 2020 ya gano cewa fiye da miliyar 76 na sefa sun salwanta a cinikin makamai tsakanin 2014 da 2019, ta hanyar ƙara farashi da biyan kayan da ba su iso ba. Asirin da aka shimfiɗa don kare soja, shi ne ya rufe waɗanda suka ci kuɗin kayan aikinsa. Waɗanda suka fito zanga-zanga a Yamai ranar 15 ga Maris 2020 don neman gaskiya, wasunsu kurkuku suka kwana.

Dokar 23 ga Fabrairu 2011 ta ba ɗan ƙasa haƙƙin ganin takardun hukuma, tare da keɓe asirin tsaro. Keɓewar daidai ce, amma tana da iyaka. Dole alƙalai da masu binciken kuɗin ƙasa su sami izinin shiga kowane kundin ciniki, domin aikinsu na buƙatar sani. Hanyar da soja zai bi asiri ce. Kuɗin bindigar da ke kafaɗarsa kuwa, mutumin Cadakori ne ya biya, kuma yana da haƙƙin jin lissafi.