Adakar Maharbi Da Dokar 1959

A Amurka, masu ƙaramar bindiga na ɓata lokaci suna gardama kan wanne harsashi ya fi, mai milimita 9 ko .45, har mutum ya sauya wa Glock ɗinsa bututu don ya gwada wani. Mu nan wannan gardama ba ta ma taso ba, domin Dokar Makamai ta 1959 ta sa fistol cikin haramtattun makamai, sai da izinin shugaban ƙasa. Abin da ke kafaɗar maharbi a Doguwa da Tudun Wada, a bakin dajin Falgore, adaka ce ko harba-ruga, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, kuma lasisinta a hannun kwamishinan 'yan sanda yake. Maharba nawa ne a Kiru ko Bebeji suka taɓa ganin wannan takarda? Ni a ganina nan gizo ke saƙar. Maƙeri na ƙera bututu a ɓoye, wani lokaci da ƙarfen da bai dace ba, babu mai duba ingancinsa, in ya fashe yatsun mai shi ne ke tafiya. Ga kuma abin da ya faru a Uromi a watan Maris na 2025, inda aka kashe maharba 16 masu komawa Kano bayan an ga bindigoginsu. Takarda ba ta kashe wutar gungun masu fushi, amma ya kamata a kawo rajistar nan hedikwatar ƙaramar hukuma, a sa sarkin baka da dagatai su tantance nasu.