A biya bashin likitar ƙauye kafin a ƙara gadaje a Magarya

A watan Satumba na 2018, ƙungiyar likitocin duniya ta MSF ta fitar da wata sanarwa da ta tayar da hankalin duk wanda ya ji ta: yara goma ne ke rasuwa a kullum a sashen yara na asibitin Magarya, kudu da birnin Damagaram. A lokacin yara 730 ne ke kwance a wurin, mafi yawansu da zazzaɓin cizon sauro da tamowa a haɗe. Ƙungiyar tana aiki a Magarya tun 2005, shekarar da ƙarancin abinci ya girgiza Nijar, kuma duk damina sai an kafa tantuna an ƙara gadaje, har sashen ya shiga sahun mafi girman wuraren jinyar yara a duniya.

Mutanen yankin sun san lokacin. Daga Yuli zuwa Oktoba rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai iso ba, tafkuna sun cika, sauro ya samu wurin hayayyafa. Uwa tana gona, yaro yana goye da jiki zafi rau. Kwana biyu ana ba shi jiƙo, a na uku a sayi ƙwaya wurin mai talla, sai ya fara sanƙarewa ko tafin hannunsa ya yi fari fat sannan a nemi amalanke ko kabu-kabu. Yaron da ya iso Magarya a wannan hali ƙarin jini yake buƙata nan take, wani lokacin ma an makara.

Ma'aikatan da ke kwana a kan irin waɗannan yara sun cancanci yabo, babu ja. Amma girman sashen yara na Magarya shaida ce ta abin da ya lalace a hanya, tsakanin ƙofar gida da ƙofar asibiti. Jihar Damagaram ta fi kowace jiha a Nijar yawan jama'a. Ƙidayar 2012 ta same ta da mutum sama da miliyan 3.5, kuma ta ƙaru sosai tun daga nan. Babu adadin gadajen da zai ishi wannan jama'a muddin ƙaramar likitar ƙauye ba ta tsare ciwo tun yana ƙarami ba.

Gine-ginen dai akwai su. Daga 2001, shirin musamman na Shugaba Tandja Mamadou ya gina ɗakunan shan magani masu yawa a ƙauyuka, a ƙarƙashin cibiyoyin lafiya da ake kira CSI. A 2006 gwamnati ta yi shelar cewa yaro ɗan ƙasa da shekara 5 ba zai biya ko dala ba a likita, haka awon ciki, bayan an riga an mayar da tiyatar haihuwa kyauta. Iyaye mata suka yi tururuwa, kuma mutuwar ƙananan yara ta ragu ƙwarai a shekarun da suka biyo baya.

Sai dai tsarin yana da ƙafa biyu. Likita ta duba yaro, ta ba shi magani daga ma'ajiyarta, ta cika takardu ta aika sama, gwamnati kuma ta mayar mata da kuɗin. Ƙafa ta biyun ce ta gurgunce. Masu bincike na cibiyar LASDEL da ke Yamai, cikinsu har da Jean-Pierre Olivier de Sardan, sun rubuta dalla-dalla yadda takardun biya ke kwana watanni, wasu har shekaru, bashi yana taruwa zuwa biliyoyin sefa. Shugaban likitar da ba a mayar wa kuɗi ba, da me zai sake sayo magani? Asusun kwamitin likita ya bushe, mai gadi da mai shara suna bin albashi, kantar magani ta koma kwalaye marasa komai. Uwar da aka ce mata kyauta ne sai a miƙa mata takardar magani a ce ta je farmasi, farmasin kuma yana gari mai nisa. Gobe idan ƙanen yaron ya kwanta, ba za ta ɓata yini a likita ba. Mai tallar ƙwaya a faranti yana nan bakin kasuwa, maganinsa ya sha rana, ba wanda ya san inda aka yi shi.

Nan ne amana ke karyewa, kuma gyaranta ya fi gina ɗaki wuya.

A watan Agusta na 2024 hukumomin Yamai sun rage kuɗin jinya da rabi a asibitocin gwamnati daga 1 ga Satumba, suka mayar da haihuwa kyauta, suka kuma soke jika 150 da mai ciwon ƙoda ke ajiyewa kafin a fara masa wankin ƙoda. Talaka ya ji daɗin wannan mataki, kuma yana da dalili. Tambayar da ta rage ita ce wadda aka bari ba amsa tun 2006: wa zai cike giɓin, kuma yaushe? Rabin da aka ɗauke wa majinyaci da shi asibiti ke sayen safar hannu, allura, iskar shaƙa da man janareto. Idan baitulmali bai zuba madadinsa a kan lokaci ba, babban asibitin ƙasa na Damagaram da cibiyar kula da uwa da yaro za su faɗa ramin da CSI ta daɗe a ciki. Ƙasashen Afirka sun yi alkawari a Abuja a 2001 cewa za su ware kashi 15 cikin 100 na kasafinsu ga lafiya. Nijar ba ta kai nan ba.

Batun ma'aikata ma yana nan. Damagaram tana da tsohuwar makarantar horar da jami'an lafiya ta ENSP, Jami'ar André Salifou kuma tana yaye likitoci. Amma da yawa daga cikin masu takardar suna zaune ba a ɗauke su aiki ba, ko suna aikin sa-kai, yayin da ma'aikaci ɗaya a wani ƙauyen Tanut ko Gure shi ne mai awo, mai allura, mai karɓar haihuwa da tsakar dare. Ungozomar da za a tura can tana buƙatar ɗakin kwana, ruwa da albashi a kan kari. Ruwa kuwa tsohon ciwon Damagaram ne, birnin da ke zaune a kan dutse. Wuta ma daga Najeriya ake jawo kaso mai yawa, kuma kowa ya ga abin da ya faru bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, lokacin da takunkumin ECOWAS ya yanke lantarki ya kuma tare hanyar Kwatano da magunguna ke bi. Firjin rigakafi da ma'ajiyar jini ba sa jiran sulhun 'yan siyasa, don haka hasken rana a kowace CSI ya zama wajibi. Jihar da matatar SORAZ ke tace mai a cikinta tun 2011 bai kamata a ce dangin mai naƙuda ne ke haɗa kuɗin man motar asibiti ba.

Annoba kuma ba ta san iyaka ba. Daga Nuwamba 2022 zuwa ƙarshen Janairu 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙirga mutum 559 da sanƙarau ya kama a jihar, 18 suka rasu, cutar kuma ta ɓulla a Jigawa da ke maƙwabtaka. A 2023 mashaƙo ya bayyana a Matamaye a daidai lokacin da yake ɓarna a Kano. Jama'a ɗaya ce, kasuwa ɗaya, auratayya ɗaya. Jami'an lafiyar Magarya da na Ɓaɓura a Jigawa ya kamata su riƙa musayar labari kai tsaye, ko dangantakar Yamai da Abuja ta yi tsami ko ta yi daɗi.

Abin da ke ba da ƙwarin gwiwa shi ne wasu daga cikin dabarun da suka fi aiki a ƙasar Damagaram aka gwada su. A gundumar Mirya, ƙungiyar BEFEN ta 'yan Nijar da abokiyar aikinta ALIMA sun koya wa dubban iyaye mata auna damtsen 'ya'yansu da wani ɗan zare mai launi uku. Uwa ta naɗa shi a tsakiyar damtsen yaro: kore lafiya lau, rawaya a yi hattara, ja, wato ƙasa da milimita 115, a tafi likita yau. Ta kuma danna bayan ƙafarsa da yatsa ta ga ko wurin zai loɓa, alamar kumburi. A 2013 da 2014 an kwatanta yankin Dogo, inda uwaye ke awon, da Takeita, inda ma'aikatan sa-kai ke yi. Uwayen ba su gaza ba: yaransu sun fi isowa da wuri, waɗanda sai an kwantar sun fi ƙaranci, kuɗin da aka kashe ma bai kai na Takeita ba. Yau ƙasashe da dama sun ɗauki wannan hanya.

Haka makarantun mazaje, da aka fara a jihar a 2008 da tallafin UNFPA, inda magidanta masu mutunci ke zama su shawo kan 'yan uwansu su bar mata zuwa awo da haihuwa a likita. Sarakuna da limamai sun mara musu baya, shi ya sa maganar ta shiga. Ga kuma maganin kariya daga zazzaɓi da ake raba wa yara gida-gida kowane wata a damina tun 2013.

Duk waɗannan suna turo mutane likita da wuri, kuma nan ne maganar ta dawo. Uwar da ta ga ja a zare ta taka kilomita goma dole ta tarar da ma'aikaci, ta tarar da magani da abincin tamowa. Yawancin wannan kaya kuɗin waje ne ke sayensa, ga shi Amurka ta zaftare tallafinta a 2025. Hukumomin jiha da na garuruwa, fadar Sarkin Damagaram da 'yan kasuwar unguwar Zango suna da bakin magana a nan. Su nemi a bayyana bashin da kowace CSI ke bin gwamnati, a liƙa shi a ƙofarta kowa ya gani, a tsayar da wa'adin biya da ba zai wuce wata uku ba, a kuma ɗauki yaran da ENSP da jami'a suka yaye a tura su ƙauye da haƙƙinsu cikakke. A yi wannan tun rani, kafin ruwan Yuli ya sauka.