Tsakanin Tarayya Da Ƙwace

A jarrabawar zangon da ya wuce an tambaye mu irin ɗaurin da ke tsakanin alminiyon da kulorin. Nan da nan na rubuta ayonik, domin na haddace cewa duk inda ƙarfe ya haɗu da abin da ba ƙarfe ba, to ayonik ne. Da takardata ta dawo sai na ga jan biro. Maki biyar sun tafi.

Abin da muke haddacewa shi ne ɗauri iri biyu ne. A kobalan, atam biyu suna tarayya a kan elektiron. A ayonik kuwa, ɗaya yakan ƙwace na ɗan'uwansa. Ni a ganina wannan rabin magana ce. Ku dubi yadda muke yi a ɗakin cin abinci. Sa'o'i biyu sukan raba kwano daidai. Wani mugun siniya yakan ɗauke kwanon gaba ɗaya. Amma abin da aka fi gani shi ne a ci tare, babban yana jawo kwanon gabansa. Haka yawancin atam suke.

A 1932 wani Ba'amurke, Linus Pauling, ya fito da ma'aunin ƙarfin da kowane atam yake jan elektiron da shi. Kulorin yana da 3.16, sodiyam 0.93, alminiyon 1.61. Kulorin da kulorin babu bambanci, sai rabo daidai. A gishirin miya bambancin ya kai 2.23, ya yi kusa da ƙwace. Tsakanin alminiyon da kulorin kuwa 1.55 ne kawai, watau yana tsaka-tsaki. Ga shaida: gishiri ba ya narkewa sai zafi ya kai digiri 801, amma haɗin alminiyon da kulorin yakan tashi ya zama tururi a wajen digiri 180.

Saboda haka ina roƙon malamanmu su riƙa zana mana wannan darasi kamar hanya mai baki biyu, su nuna mana inda kowane sinadari ya tsaya. Ku kuma 'yan'uwana ɗalibai, mu rage hadda, mu riƙa tambayar dalili. Iyayenmu sun sha wahala kafin su kawo mu nan, bai kamata mu koma gida da karatun aku ba.

Allah Ya ba mu sa'a, amin.