Ambaliya a Ƙasar Rimin Gado: Laifin Damina ko Sakacin Jama'a?

Gabatarwa

Duk wanda ya bar birnin Kano ya miƙi hanyar Gwarzo, ya wuce sabon mazaunin Jami'ar Bayero da barikin soja na Janguza, ba da jimawa ba zai shiga ƙasar Rimin Gado. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, gona na haɗe da gona, ƙauye na hangen ƙauye. Tana cikin karkarar nan ta kewayen Kano wadda masanin labarin ƙasa Michael Mortimore ya yi nazari a kanta tun shekarun 1960, inda ya nuna yadda manoma ke nome gona guda kowace shekara ba tare da an bar ta saura ba, saboda yawan jama'a da ƙarancin fili. Ba ta bisa gaɓar wani babban kogi irin Kwara ko Binuwai, ba ta kuma gindin wani tsauni. Wanda ya gan ta da rani zai yi mamaki idan aka ce masa ruwa na cin rai a wurin.

Amma kuwa yana ci. A daminar 2018 hukumar ba da agajin gaggawa ta Jihar Kano ta ba da sanarwar cewa ambaliya ta kashe mutum 31 ta kuma rushe gidaje fiye da 10,000 a jihar, Rimin Gado kuwa tana cikin ƙananan hukumomin da abin ya shafa. Ra'ayin wannan maƙala shi ne, mafi yawan wannan ɓarna tana faruwa ne domin an ƙwace wa ruwa wuraren da magabata suka ware masa, kuma maganinta shi ne a mayar masa da su tun da rani, kafin hadari ya haɗu.

Ambaliya Iri Biyu Ce

Ya kamata tun farko a bambance tsakanin ambaliya iri biyu, domin kowacce da irin nata rigakafin. Akwai wadda kogi ko madatsar ruwa ke haddasawa, kamar ɓallewar madatsar Bagauda a watan Agusta na 1988, ko ta Alau wadda ta malale Maiduguri a watan Satumba na 2024, ko kuma tumbatsar da kogin Haɗeja kan yi a ƙasar Jigawa. Irin wannan tana da alaƙa da gyaran madatsu da lura da hawan kogi, aikin manyan hukumomi ne.

Akwai kuma ta farat ɗaya, wadda ruwan sama kaɗai ke jawowa cikin sa'a biyu ko uku. Ita ce ta fi addabar ƙauyuka irin na Rimin Gado. Ba ta sallama, kuma sau da yawa da tsakar dare take zuwa. Haka ta auka wa Jibiya ta Jihar Katsina a watan Yuli na 2018, inda mutane fiye da 40 suka rasu bayan ruwan dare ɗaya. Haka kuma ta yi wa Mokwa ta Jihar Neja a ƙarshen watan Mayu na 2025, inda waɗanda suka rasu suka haura 150.

Ɗan lissafi kaɗan zai nuna nauyin abin. Idan aka yi ruwa mai kaurin milimita 50, wanda ba baƙon abu ba ne a tsakiyar marka, to kowace hekta guda ta karɓi lita 500,000. Rufin kwano mai faɗin murabba'in mita 100 zai zubo da lita 5,000, wato cikin duro 25. Wannan ruwa dole ya sami inda zai tafi. Ko dai ƙasa ta shanye shi, ko kududdufi ya riƙe shi, ko kwari ya wuce da shi. Idan duka ukun suka gaza, sai ya shiga ɗaki.

Yadda Magabata Suka Zauna da Ruwa

Bahaushen da bai san milimita ba, amma ya san halin ruwa. Shaidar haka tana cikin harshensa. Ya raba ƙasa zuwa tudu da jigawa da kwari da fadama, kowacce da aikinta. A kan tudu ake kafa gida, a jigawa ake shuka gero da gyaɗa, fadama kuwa ta shinkafa da rake da lambu ce. Sunayen wurare da ke farawa da Tudun ko Kwarin ko Rafin ko Fadamar, tamkar rajista ce da aka bar wa na baya, tana gaya musu inda ruwa ke bi da inda ba ya bi.

Kududdufin da ke bayan gari ba da gangan kaɗai ya samu ba. Daga nan aka haƙi ƙasar da aka yi tubalin gina gidaje, sa'an nan ramin ya zama ma'ajiyar ruwan da ke gangarowa daga gidajen nan. Kowane gida yana da rariya da ke fitar da ruwan tsakar gida zuwa lungu, lungu kuma ya kai shi kududdufi. Burtali, ban da kasancewarsa hanyar dabbobi, yakan zama hanyar ruwa da damina. A iyakokin gonaki akan bar gamba da jema da cin-da-zugu, waɗanda saiwoyinsu ke riƙe ƙasa suna rage wa ruwa gudu. Cikin gonakin kuma ga gawo da ɗorawa da tsamiya da kanya.

Shi kansa ginin ƙasa yana da nasa ƙa'idoji. Kafin damina ta faɗi magidanci kan sake yaɓe, ya duba azara, ya gyara indararo domin ruwan soro ya zuba nesa da gindin bango. Mai hali ya shafe katangarsa da makuba ko laso. Mai unguwa kuma ya kira gayya a yashe magudanai. Duk wannan ana yin sa ne da bazara, domin an san ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin da ya Sauya

Abu uku suka haɗu suka rushe wannan tsari. Na farko shi ne fari. Daga farkon shekarun 1970 zuwa tsakiyar na 1980, musamman a 1973 da 1984, ruwa ya yi ƙaranci ƙwarai a ƙasar Hausa. Kwaruruka da dama suka daɗe ba su ga ruwan kirki ba, har aka tashi da mutanen da suka ɗauka wuraren nan filaye ne kamar kowane fili. Aka raba su a gado, aka sayar, aka gina.

Na biyu shi ne yawan jama'a da tsadar fili, tun ba ma a garuruwan da ke bakin titi kusa da birni ba. Kududdufi ya zama juji, juji ya cika, aka yanka shi fuloti. Burtali ya tsuke har ya ɓace cikin gonaki. Kwano da siminti suka maye gurbin soro da jinka da tsakar gida ta ƙasa, saboda haka ruwan da a da yake nitsewa a hankali, yanzu gaba ɗaya yake fitowa titi. Inda aka yi kwalbati kuwa, leda da shara sun toshe ta. Birnin Kano ma bai tsira ba, domin a daminar 2022 ruwa ya shiga kasuwar Kantin Kwari ya lalata dukiya mai yawa, kuma sunan kasuwar kaɗai ya isa ishara.

Na uku shi ne ruwan kansa ya dawo, kuma ya dawo da wani sabon hali. Wani bincike da aka wallafa a 2017, wanda ya dogara da hotunan tauraron ɗan'adam, ya nuna cewa hadari mafi tsanani a yankin Sahel ya ninka yawansa sau uku tun daga 1982. Ma'ana, ruwan da a da yake rarrabuwa cikin kwanaki, yanzu yakan zubo a dare guda. Ke nan an rage wa ruwa wurin zama a daidai lokacin da ya fi bukatarsa.

Batun Zaftarewar Ƙasa

A ƙasashe masu tsaunuka ruwa mai yawa yakan jiƙa gefen dutse har ya zaftaro ya binne gari, kamar yadda ya faru a Firitawun, babban birnin Saliyo, ran 14 ga Agusta, 2017, inda mutane fiye da 1,000 suka mutu ko suka ɓace. Rimin Gado ba ta da irin wannan tsauni, amma tana da nata ƙananan zaftarewa masu kisa. Bangon ƙasa da ruwa ya kwanta a gindinsa yakan sha ruwa daga ƙasa zuwa sama, ya yi laushi, ya faɗo wa masu barci, wani lokaci ma bayan an ɗauke ruwan. Bakin kwazazzabo da zaizaya ta rarake ƙarƙashinsa yakan rufta da wanda ya tsaya a kansa. Haka ramukan da ake haƙar ƙasar gini da yashi, sukan rufta da masu haƙa da damina, ko su cika da ruwa su zama tarko ga yara.

Shi ma ruwa mai gudu ana raina shi. Masana sun daɗe da faɗin cewa ruwa mai ƙarfi wanda zurfinsa bai wuce inci 6 ba yana iya kayar da babban mutum, mai zurfin ƙafa 2 kuma yana iya tafiya da mota. Mai babur da ke gaggawar ƙetare ƙorama ran kasuwa bai san ko ruwan ya riga ya cinye hanyar da ke ƙarƙashinsa ba. Jiran sa'a guda a bakin ƙorama ya fi gaggawar da ba a dawowa.

Hujjojin Masu Musu

Akwai masu cewa ambaliya ƙaddara ce, ba a kuwa tsere wa ƙaddara. Gaskiya ne, ruwa na Allah ne, shi ke saukar da shi inda ya so. Sai dai malamai sun sha bayyana cewa tawakkali ba ya hana riƙo da sababi, Bahaushe ma ya ce Allah ya ce tashi in taimake ka. Manomin da ya yarda da ƙaddara bai fasa shuka ba, bai kuma fasa ɗaure rumbunsa bisa duwatsu domin gudun danshi ba.

Hujja ta biyu ta fi nauyi, wato talauci. Wanda ya gina a kwari sau da yawa ba shi da wani fili ne, wanda bai yi yaɓe ba kuma wataƙila abin da zai ci ma yana nema. Wannan magana ce da ba za a yi watsi da ita ba. Amma abin da take nunawa shi ne nauyin ya fi ƙarfin mutum guda, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Bai dace a tsaya ga zargin talakan da ya sayi fuloti a bakin kududdufi ba, alhali akwai wanda ya yanka, da wanda ya sa hannu a takarda, da wanda ya gani ya kau da kai. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta ɗora wa ƙananan hukumomi alhakin ba da izinin mallakar filayen karkara. Wanda ke da ikon bayarwa yana da ikon hanawa.

Abin da ya Kamata a Yi

Da farko, ƙaramar hukuma tare da hakimi da dagatai da masu unguwanni su zaga kowane gari su rubuta kududdufai da kwaruruka da burtalan da suka rage, a kafa musu alama, a haramta sayar da su. Dattawan da suka san inda ruwa ke bi kafin shekarun fari suna nan da ransu, amma ba za su dawwama ba. A nan ɗaliban Hausa suna da rawar takawa, domin tattara sunayen wurare da tarihinsu daga bakin dattawa aiki ne da suka saba da shi, kuma ga shi zai iya ceton rai.

Na biyu, a farfaɗo da gayyar bazara da aikin duba-gari, a yashe magudanai da kwalbatoci a watan Afrilu da Mayu. Gwamnatin Tarayya ta kafa asusun kula da muhalli tun 1981. Kuɗin da ake kashewa a kan buhunan shinkafa da tabarmi da bandir na kwano bayan ɓarna ta auku, da an kashe wani kaso nasa kafin damina da ya fi amfani.

Na uku, hasashen damina da hukumar kula da yanayi ta NiMet ke fitarwa kowace shekara, da na ambaliya da hukumar NIHSA ke fitarwa, a fassara su cikin Hausa mai sauƙi, a isar da su ta rediyo da masallatan Juma'a da kasuwanni da bakin sankira. Gargaɗin da ya tsaya a ofis cikin Turanci bai amfani mai barci a ɗakin ƙasa da komai ba.

Na huɗu, kowane gari ya san tudun da zai nufa idan ruwa ya fi ƙarfi, ko makaranta ce ko masallaci. Magidanta kuma su riƙa fitar da iyali daga ɗakin da bangonsa ya jiƙe ko ya tsage, ko da za a kwana a zauren maƙwabci.

Kammalawa

Damina uwar albarka ce, kuma manomin Rimin Gado ya fi kowa sanin haka, domin wahalar rashinta ba ta gushe daga zukatan waɗanda suka ga 1973 da 1984 ba. Ba ita ta cike kududdufi ba, ba ita ta yanka burtali ba, ba ita ta zuba shara a kwalbati ba. Ziyarar jaje da rabon kayan agaji abu ne mai kyau, amma ba su taɓa mayar da rai ɗaya ba. Idan hukuma da sarakuna da jama'a suka bar rani ya wuce ba su yi wa ruwa hanya ba, to shi zai yi wa kansa, kuma ba zai tambayi gidan wa zai bi ba. Allah ya ba da damina mai albarka, ya kuma kare bayinsa daga sharrin ruwa, amin.