Kafin ka huda salansa, duba birkinka

Idan kana zaune a Barnawa, ko Narayi, ko Television, ka san wannan ƙarar. Goma na dare ta wuce, gari ya fara yin shiru, sai ka ji wata mota ta taso daga wajen Command Junction kamar za ta tsaga kwalta, tana tafe tana "fat! fat!" sai ka ce harbi ake. Dattawa su ja tsaki, jarirai su farka, masu shayi su miƙe suna leƙe. Kai kuma, faɗi gaskiya, ranka ya ɗan yi fari. Washegari ka ga bidiyon a TikTok, ka danna masa alamar so, ka tura wa abokinka ka rubuta: "Wallahi wata rana sai na haɗa irin wannan."

To da kai nake magana yau, kuma ba faɗa na zo yi maka ba. Ni ma ina cikin masu wannan ciwon. Na taɓa kwana ina kallon yadda ake kwance injin Toyota Supra a YouTube alhali ko keke ba ni da shi. Na san daɗin da mutum ke ji idan ya sa wa tsohuwar Civic sababbin wili ya ja da baya yana kallonta. Na san yadda mai roba-roba ko Boxer ke ji idan ya sake wa babur fenti, ya gyara kujera, ya ga yara na binsa da kallo. Wannan sha'awar abu ne mai kyau. Abin da ke damuna shi ne inda yawancinmu muka tsaya: mun tsaya a ƙara da sitika, mun bar ainihin ilimin a baya. Hausawa kuwa sun ce ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Bari in fara da tuna maka inda kake zaune. Wannan ɓangaren na kudancin kogin Kaduna da ƙarfe da inji aka gina shi. A Kakuri aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles a 1957, wasu masaƙun suka biyo baya, ciki har da Arewa Textiles wadda aka kafa da jarin kamfanonin Japan. A Kakurin dai kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a 1975, har ta kai 504 ta zama motar gwamnati da ta 'yan tasha a faɗin Najeriya. Matatar man da ke kan titin Kachia, wadda aka buɗe a 1980, kamfanin Chiyoda na Japan ne ya gina ta. Tambayi duk wani dattijo a Makera ko Nasarawa ko Sabon Tasha, da wuya ka rasa wanda ya taɓa aiki a ɗaya daga cikin waɗannan wurare. Mutane ne da suka san awo, suka san cewa kowane noti yana da iyakar ɗaurinsa. Mafi yawan masaƙun sun mutu, amma jinin son inji bai mutu ba. Shi ne yake motsi a jikinka. Kyan ɗa ya gaji ubansa, sai dai gadon nan na hannu ne da ƙwaƙwalwa.

Yanzu mu zo ga motar taka. Kana kiranta 'yar Japan, ka manna mata JDM a gilashin baya. Ka san ma'anarsa? Mota ce da aka ƙera don a sayar a cikin Japan kanta, kuma irin waɗannan sitiyarinsu a dama yake, domin can ta hagu ake tuƙi. Mu kuwa tun watan Afrilun 1972 muka koma tuƙi ta dama, shi ya sa motocinmu sitiyari a hagu. Yawancin Accord da Camry da ke yawo a Kaduna, su Baby Boy da End of Discussion da Muscle, don kasuwar Amurka aka yi su, da yawa ma a can aka ƙera su: Honda na haɗa Accord a jihar Ohio tun 1982, Toyota na haɗa Camry a Kentucky tun 1988. Je ka duba lambar jikin motarka, mai harufa da lambobi 17, a ƙasan gilashin gaba. Idan ta fara da J, a Japan aka yi ta. Idan ta fara da 1 ko 4 ko 5, 'yar Amurka ce. Idan 2 ce, Kanada. Ba abin kunya ba ne. Abin kunyar shi ne ka shekara uku da mota, ka kashe mata dubban ɗaruruwa a kwalliya, ba ka san ko daga ina ta fito ba.

Su kansu mutanen Japan da muke kwaikwayo, me muka ɗauko daga wurinsu? Mun ɗauko hayaƙin taya, mun bar tsarin. A Japan, sabuwar mota na zuwa binciken gwamnati bayan shekara uku, daga nan duk bayan shekara biyu. Ana duba birki, fitila, hayaƙi, ƙarar salansa, har tsayin mota daga ƙasa. Duk kwaskwarimar da ka yi, sai ta tsallake wannan gwajin kafin ka hau titi. Keiichi Tsuchiya, wanda ake wa laƙabi da sarkin zamiya da mota, a titunan duwatsu ya koyi wasansa, kuma an taɓa dakatar da lasisinsa na tsere saboda wasa a titin jama'a. Daga baya yana cikin waɗanda suka kafa gasar D1, suka mayar da abin cikin fili mai shinge, da alƙalai, da hular kwano. Fim ɗin Tokyo Drift na 2006 da ya rikita mu muna yara, tituna aka rufe, ƙwararru suka tuƙa, kuma motoci da dama aka farfasa kafin a gama. Kai a titin Kachia ba wanda ya rufe maka hanya. Akwai mai keke, akwai mai tallar ayaba, akwai yaron da aka aika sayen maganin sauro.

Ga lissafin da ba a sa wa a bidiyo. Idan kana gudun kilomita 100 a awa, a kowace daƙiƙa ɗaya kana cinye kusan mita 28. Kafin ƙafarka ta bar totur ta taka birki, ka riga ka wuce gidaje biyu. Idan kuma ka ninka gudu sau biyu, tazarar da mota ke buƙata kafin ta tsaya ninkuwa take sau huɗu. Wannan doka ce ta halitta, ba ta san ɗan wane ba, kuma ba a ba ta na goro.

Na ga hakan da idona. Wani abokina ya sayi tsohuwar Civic, a wata biyu ya canza mata fenti, ya sa manyan wili, ya yanke sifirin don ta kwanta ƙasa, ya huda salansa. Tayoyin kuwa na gwanjo ne, man birkin tun wanda ta shigo da shi ƙasar. Wani dare ana yayyafi muna dawowa daga Sabon Tasha, mai keke ya tsaya a gabanmu ba zato. Ya taka birki, mota ta ƙi ji, muka zame muka daki kwalbati. Mun fita lafiya, mai keken ma ko ƙwarzane bai yi ba, amma tazarar da ke tsakaninmu da shi ba ta kai taku biyu ba, kuma mata biyu ne a bayansa, ɗaya da goyo. Kuɗin fentin kaɗai ya isa ya sayi sababbin tayoyi huɗu. Tun ranar na daina yi wa mota kallon daga sama.

Don haka idan kuɗi ya shigo hannunka, ga jerin da nake ba ka shawara ka bi. Fara da taya. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu a ƙarshen rubutun DOT: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Idan ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na 2019. Roba na tsufa ko da zanenta bai cinye ba, zafin ƙasarmu kuma na ƙara mata saurin bushewa. Sai birki: duba takalman birki da faifansa, ka canza man birki duk bayan kamar shekara biyu, domin yana shan danshi daga iska, idan ya yi zafi sai ya tafasa, ka taka ka ji fanko. Sai ƙafafu: kada ka yarda a yanke maka sifirin da abin walda. Motar za ta kwanta, ta yi kyau a hoto, amma za ta riƙa tsalle a kan rami maimakon taya ta manne da ƙasa. Manyan wili masu siririyar taya ma haka, ramin damina ɗaya ya isa ya lanƙwasa su. Sai ka zo kan inji. Fenti da fitilu su ne na ƙarshe.

A kan injin ma, akwai abubuwan da muka mayar al'ada alhali ɓarna ce. Ana cire na'urar da ke daidaita zafin inji, a haɗa fanka kai tsaye, wai don ƙasarmu da zafi. Sakamakon shi ne inji ya daɗe bai kai zafin da aka ƙera shi ya yi aiki a kai ba, kwamfutar mota ta yi ta ƙara masa mai. Ana fasa tukunyar tace hayaƙi, wadda makanikai ke kira indomi, a sayar da abin cikinta, a ce maka mota za ta ƙara gudu. Abin da za ka samu shi ne wari, da ƙara, da fitilar gargaɗi da ba ta mutuwa. Tun bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, wa ke da fetur ɗin zubarwa? Haka fitilun nan masu farin haske da ake cusawa a gidan fitilar da ba don su aka yi shi ba: kai kana gani tar, wanda ke tahowa ya makance, kuma kanka zai faɗo.

Kai ma mai babur ban manta da kai ba. Cire madubi ba gayu ba ne. Idan ka buɗe silinda ko ka canza haƙoran sarƙa don ƙarin gudu, ka tuna birkin nan na ganga da kamfani ya sa, don gudun da aka ƙera babur ɗin da shi aka auna shi. Hular kwano kuwa, kanka guda ɗaya ne, ba a sayar da na gwanjo a Panteka. Ka kuma tuna cewa babur a Kaduna dama ido na kansa. An yi dokar hana acaɓa a cikin gari a 2014, an kuma hana hawa babur gaba ɗaya na wani lokaci a 2021 saboda tsaro. Duk ranar da ka ɗaga tayar gaba a tsakiyar kasuwa, kana ƙara wa masu cewa a hana hujja, kuma wanda zai sha wahalar shi ne mai neman abincin iyalinsa.

Wataƙila ka ce, to idan an cire ƙara da gudu, me ya rage? Abin da ya rage shi ne abin da zai ciyar da kai. Soichiro Honda, wanda sunansa ke goshin motarka, yana ɗan shekara 15 ya tafi Tokyo koyon gyaran mota a wani gareji, ya shekara shida. A 1946 ya fara ɗaura wa kekuna ƙananan injuna ragowar na soja. Kwaskwarima ce, irin wadda kake so. A 1948 ya kafa kamfaninsa. Bambancinsa da mu shi ne ya zauna ya koyi dalilin da ya sa abu ke aiki.

Ƙofar a buɗe take gare ka. Duk motar da aka yi don Amurka daga 1996 tana da wata 'yar kafa a ƙarƙashin sitiyari, inda ake jona na'urar karanta matsalar inji. Ƙaramar na'urar da ke haɗuwa da waya ba ta kai kuɗin wili ɗaya ba. Saye ta, ka koyi karanta abin da take faɗa. Datar da kake ƙonawa a kallon zamiya, raba ta biyu, rabi ya tafi kan koyon wayarin ɗin mota. Nemi ogan gareji mai gaskiya a Kakuri ko Television, ka ce masa, "Oga, ina so in riƙa zuwa duk Asabar ina kama maka aiki." Ƙetara kogi ka je Panteka ka ga yadda ake narka ƙarfe a fitar da abin da kamfani ya daina yi. Motoci sai ƙara zama kwamfuta suke, ga masu mayar da mota ta koma amfani da gas, ga babura masu lantarki sun fara shigowa. Wanda ya iya waɗannan ba zai yi yawo da takarda yana neman aiki ba. Ke ma 'yar'uwa da ke karanta wannan, sifana ba ta tambayar hannun wa ya riƙe ta.

Masu son wasa kuma, ku haɗa kanku. Ku yi ƙungiya mai rajista da dokoki, ku nemi fili a bayan gari, ku je wa Hukumar Kiyaye Haɗurra da KASTLEA da takarda a hannu, ku nemi rana da wuri da motar asibiti. Ba lallai a amsa muku a karon farko ba. Amma matasa talatin masu tsari, waɗanda ba a taɓa kama su suna tsere a unguwa ba, sun fi ƙarfin a kore su da tsawa. Dattawan unguwa ma da ke tsine mana, idan suka ga ɗansu ya gyara motar maƙwabci da hannunsa, bakinsu zai canza.

Saboda haka wannan Asabar ɗin, kafin ka ɗauki waya ka yi wa motarka ko babur ɗinka bidiyo, durƙusa ka karanta lambobi huɗun nan da ke jikin taya. Idan abin da ka gani ya ba ka tsoro, ka san inda kuɗin salansar nan ya kamata ya tafi.