Keke Ya Dawo Zurmi, Dokarsa Ba Ta Dawo Ba

Duk wanda ya tsaya a bakin hanyar da ta taso daga Ƙaura Namoda ta ratsa Zurmi ta nufi Jibiya, tsakanin la'asar sakaliya da magariba, zai ga wani abu da aka yi zaton zamaninsa ya wuce, watau kekuna suna ta kai da kawowa. Ga manomi ya ɗaure fartanya da damin harawa a kariya, ga ɗan makaranta ya goyo ƙanensa, ga mai jarkokin ruwa yana ta fama da feda, ga kuma dattijo wanda ya jawo tsohon Raleigh daga lungun zaure ya kakkaɓe masa ƙura. Dokin ƙarfe ya dawo, amma fa ba sha'awa ce ta dawo da shi ba, tilas ce.

Dalilan dawowar tasa ba ɓoyayyu ba ne. A shekarar 2021 gwamnatin Jihar Zamfara, a ƙarƙashin Gwamna Bello Matawalle, ta rufe kasuwannin mako-mako, ta hana sayar da fetur a jarka, ta kuma taƙaita zirga-zirgar babura da dare, duk domin a toshe wa 'yan bindiga hanyar samun guzuri. Sa'an nan a ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuwa ta haura naira 1,000 a wurare da yawa. Mai babur ya duba aljihunsa, ya duba tanki, sai ya tuna cewa akwai abin hawan da ba ya shan komai sai ƙarfin cinya.

To, abin da bai dawo tare da keken ba shi ne tsarin da ya taɓa tafiyar da shi. Yau a Zurmi, ko Shinkafi, ko Ƙaura, mutum yana iya hawa keken da ba birki, ba ƙararrawa, ba fitila, ya bi hannun da ya ga dama, ya jingine shi inda ya ga dama, ba wanda zai ce masa kanzil. Ranar da babbar mota ta niƙe shi kuwa, sai a ce ƙarar kwana. Gaskiya ne kwana kan ƙare, amma wannan bai sauke nauyin da ke wuyan ƙananan hukumomi ba, domin su ne doka ta ɗora wa kula da keke, su ne kuma suka yi watsi da shi.

Ya kamata mai karatu ya tuna cewa ba haka abin yake da can ba. Tun daga 1929, lokacin da layin dogo ya iso Ƙaura Namoda daga Zariya ta Gusau, garin ya zama matattarar gyaɗa da auduga, kantunan kamfanonin Turawa suka kafu, keke kuma ya shiga jerin abubuwan da mutum kan saya idan kaka ta yi kyau. Akawu, da malamin makaranta, da duba-gari, da malamin haraji, duk a kansa ake ganinsu. A wancan zamani gundumomin nan suna ƙarƙashin En'e ta Sakkwato, kuma mai keke ba ya hawa sai ya yanki lasin na shekara, an ba shi 'yar lamba ya maƙala a jikin kekensa. Ɗan doka yana iya tare wanda ya hau da dare ba fitila ya kai shi gaban alƙali. Ba wai ana yabon wannan zamani ba ne ido rufe. Galibin abin da En'e ke so kuɗin lasin ne, kuma 'yan doka da yawa sun mai da kamun keke hanyar cin zalin ƙauyawa. Duk da haka, yaron da ya tashi a lokacin ya tashi da sanin cewa keke abin hawa ne mai ƙa'ida, ba abin wasa ba.

Sannu a hankali tsarin ya mutu. A zamanin Janar Gowon aka haɗe 'yan doka da 'yan sandan Nijeriya. Kuɗin Udoji na 1975 ya sa ma'aikata suka sauka daga keke suka hau babur, gyaran 1976 ya maye gurbin En'e da ƙananan hukumomi, keke kuma ya koma kayan wanda bai da hali. Da aka kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Tarayya a 1988, hankalinta ya fi tafiya ga motoci da manyan hanyoyi. Abin mamaki shi ne, ikon bai taɓa barin hannun ƙaramar hukuma ba. Jadawali na Huɗu na Tsarin Mulkin 1999, inda aka zayyana ayyukan ƙananan hukumomi, ya ambaci ba da lasin kekuna, da amalanke, da baro, da kwalekwale ƙarara, kamar yadda ya ba su kula da kasuwanni da tashoshin mota. Ashe ba sabon iko ake nema musu ba, wanda ke cikin aljihun teburinsu ake cewa su fito da shi.

Wani zai ce, ina amfanin zancen ƙararrawar keke a ƙasar da ake sace mutane a gonakinsu, ake tashin ƙauyuka, hanyar Dauran da Gurbin Ɓore ta zama abin fargaba? Tambayar tana da nauyi, ba kuwa za a raina ta ba. Amma rashin tsaron nan shi ne ya cika garuruwa da 'yan gudun hijira, ya ƙara cunkoso a titunan da ba a faɗaɗa ba, ya kuma tura talaka kan keke. Wanda ya tsira daga daji da ƙyar bai kamata ya zo ya mutu a ƙarƙashin tayar tirela a tsakiyar gari ba. Bugu da ƙari, ƙaramar hukuma ba ta da soja, ba ta da jirgin yaƙi. Abin da take da shi shi ne ikon tsara titinta da kasuwarta. Wanda ya kasa ɗaukar tulu ba shi da hanzarin barin moɗa a ƙasa.

Dokar da ake bukata gajeriya ce, wadda sankira zai iya karanta ta a bakin kasuwa ba tare da ya sha ruwa ba. Farkonta kayan jikin keke. Ba sai an ƙago komai ba a nan, domin yarjejeniyar zirga-zirgar hanya da ƙasashen duniya suka ƙulla a birnin Biyana a 1968 ta riga ta faɗi mafi ƙarancin abin da keke zai mallaka: birki mai ci, ƙararrawa, jan madubi mai ƙyalli a baya, da fitila fara a gaba da ja a baya. Birki ne ya fi komai. Yawancin kekunan da ke yawo a ƙauyuka robar birkinsu ta cinye tun tuni, mahayin da dugadugansa yake tsayawa, alhali sabuwar roba ba ta kai kuɗin kwanon dawa ba. Ga wanda ya ɗauko buhun hatsi a kariya yana gangarowa, dunduniya ba ta tsai da komai.

Zancen fitila kuwa yana bukatar a tsaya a kansa, domin a nan ne dokar wata ƙasa ba za ta dace da Zurmi ba in an kwafo ta yadda take. Mutumin da dare ya riska tsakanin ƙauye da ƙauye yana da dalilinsa na ƙin kunna fitila, gama haske a daji yanzu shela ce ta cewa ga mutum nan tafe. Babu adalci a hukunta shi a kan haka. Saboda haka sai a raba abin biyu. Fitila ta zama tilas a cikin gari da kan kwalta daga magariba zuwa asuba. Jan madubin baya kuwa ya zama tilas a ko'ina, tun da shi ba ya ba da haske sai fitilar mota ta doke shi, ba ya cin batir, ba ya tona asirin kowa. Motar da ke gudun kilomita 60 a sa'a tana cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa. A daren hunturu mai hazo, direban da bai hango mai keke ba sai a tazarar mita 20, kafin ƙafarsa ta kai ga birki aikin gama ya gama. Ɗan madubin nan shi ke ba shi 'yan daƙiƙun da ake bukata.

Sai kuma yadda ake hawa. Tun ranar 2 ga Afrilu, 1972, Nijeriya ta koma tuƙi ta hannun dama, amma har yau akwai masu keke da suka ɗauka cewa bin hannun hagu, a fuskanci mota ido da ido, ya fi aminci. Lissafi bai goyi bayansu ba. Idan mota tana gudun kilomita 50, keke yana 15, in hanyarsu ɗaya ce tazarar tana raguwa da gudun 35 ne kawai. In kuwa gaba da gaba suke, da gudun 65 za su haɗu. Ga shi kuma direban da zai fito daga kwana ba ya duba inda bai zaci abin hawa ba. Haka nan al'adar yara ta kama bayan motar kaya ko amalanken shanu don a ja su, da jerawa uku-uku ana hira a kan kwalta, da ɗauko kara ko azara a gicciye har ta tare rabin hanya, duk a hana. Goyo dai ba zai hanu ba, don sau da yawa keke guda ne a gida. Abin da za a ce shi ne mutum ɗaya, a kariya, ƙafafunsa nesa da wili. Makarantun firamare da na allo su ne wurin koyar da wannan, ba ofishin 'yan sanda ba.

Wurin ajiya shi ne abin da ƙaramar hukuma za ta iya gyarawa gobe da safe in ta so. Ranar Alhamis a kasuwar Shinkafi, ko ranar Juma'a a ƙofar kowane babban masallaci, za a ga kekuna a zube a mashiga, wasu jingine da rumfunan mutane, wasu kwance a hanyar makafi da tsofaffi. In gobara ta tashi, ko aka yi firgici irin wanda ya zama ruwan dare a wannan zamani, su ne abin tuntuɓe na farko. Birnin Utrecht na ƙasar Holan ya kammala ma'ajiyar kekuna mai ɗaukar 12,500 a 2019. Zurmi ba ta bukatar ko kusa da haka. Fili kaɗan a gefen kasuwa, bututun ƙarfe a kafe wanda za a ɗaura sarƙa da kwaɗo a jikinsa, rumfar kara, da mai gadi guda wanda zai ba da 'yar shaida ya karɓi abin da bai taka kara ya karya ba. Sarkin kasuwa da kwamitin masallaci sun isa su tafiyar da shi. Haka ya kamata a yi a ƙofar asibiti, da makarantun sakandare, da Kwalejin Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda.

Lasin fa? A nan ne ake tsoron a gudu gara a faɗa gidan zago. Muddin aka ce wa ma'aikacin kuɗin shiga ya fita kamun keke, to, an sake buɗe wa talaka wata ƙofar tatsa, ga shi da ma ya gaji da shingaye a kan hanya. Idan za a dawo da rajista, to, ta dawo da wata manufa, watau tsare dukiyar mai keke. Kowane keke yana da lambar da masana'anta ta buga a jikin ƙarfensa. A rubuta ta sau ɗaya a littafin hakimi ko dagaci tare da sunan mai shi, kyauta ko da ɗan abin da ba zai dame shi ba, in an sayar a sauya suna. Ƙasar Japan ta mai da irin wannan rajista tilas tun 1994 domin maganin sata. Ɓarawon da ya san dillali a Moriki ko Shinkafi zai nemi takarda kafin ya saya, zai yi tunani sau biyu. Hukuncin wanda aka samu ba birki ko madubi kuwa kada ya zama tara a karo na farko. A raka shi wurin mai gyaran keke, ya sa abin da ya rasa, ya hau ya tafi. Kuɗin ya shiga hannun bakanike maimakon aljihun mai kamu.

Kada kuma dokar ta tsaya a kan mai rauni kaɗai. A 2001 Ministan Sufuri na lokacin, Ojo Maduekwe, wanda ya yi ta kiran jama'a su koma hawan keke, mota ta ture shi cikin kwata a Abuja yana bisa kekensa. In minista bai tsira ba, ina ga mai harawa? Lalle ne a rubuta cewa mai keke yana da haƙƙin gefen hanya, direba da ɗan acaɓa su rage gudu su ba shi tazara in za su wuce, kuma a hana 'yan tireda da masu lodi cinye kafaɗar titi, domin su ne ke tura shi tsakiyar kwalta. Shugabannin ƙungiyoyin direbobi da na masu babura suna nan a kowace tasha, kuma maganarsu tana da kaifi a wurin mutanensu fiye da ta kowane jami'i.

Majalisun Zurmi da Shinkafi da Ƙaura Namoda suna iya zama su amince da rubutu guda, tun da hanyoyinsu a haɗe suke kuma mai keke ba ya sanin inda iyakar wata ta ƙare. A rubuta shi da Hausa, boko da ajami, a karanta a masallatan Juma'a, a liƙa a rumfar kowane mai faci, a kuma ba jama'a wata uku su gyara kekunansu kafin a fara tambayar kowa.