Wayar Salula Tsakanin Mai Saye da Mai Kanti

A Disamban 2011, kamfanin Amazon na Amurka ya ba da rangwamen kashi 5 cikin ɗari ga wanda ya shiga kantin wani, ya duba farashin kaya da manhajarsa, sannan ya saya wurinsa. Wayar takan karanta lambar da ke jikin kaya, nan take ta nuna farashinsa a intanet. Mai kanti ke biyan haya da albashi, ciniki kuwa ya tafi wani wuri. A 2013 kamfanin Best Buy ya daidaita farashinsa da na intanet. Hakan ya dace, domin farashi ya daina ɓoyuwa. Abin da ya rage wa kanti shi ne gwajin kaya, shawarar gwani da riƙon amana.